Tsohuwar Vespa Ko 504: Sa Mata Wutar Zamani, Amma Kada Ka Yar Da Kontak

Yau mun ɗan ajiye maganar waya da kwamfuta, za mu leƙa gareji, domin wutar inji ma fasaha ce, kuma akwai kuɗin mutane da ke salwanta a kanta.

Masu tsofaffin motocin Italiya masu gudu, irin su Alfa Romeo Spider da Fiat 124 Spider da Ferrari Dino, sun daɗe suna muhawara kan abu ɗaya: a bar mota da tsohon tsarin wuta na kontak, ko a sauya mata na zamani? Mu a Zariya ba Ferrari a layinmu, amma muna da 'yar Italiya da kowa ya sani, wato Vespa, wadda kamfanin Piaggio ya fara ƙerawa a 1946. Daga Hanwa zuwa Kwangila, daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada, har yau za ka ga dattijo a kanta da babbar rigarsa. Muna kuma da Peugeot 504, irin wadda kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya yi shekaru yana haɗawa. Tsofaffin cikinsu duk da kontak suke aiki, don haka muhawarar ta shafe mu.

Ra'ayina a taƙaice: in kana hawan abin hawan kullum, ka sa masa wutar zamani. Amma ka yi aikin ta yadda za a iya mayar da na da, kuma kada ka bar tsohon kayan a gareji.

YADDA TSOHON TSARIN YAKE AIKI

Man fetur ba ya kamawa a cikin inji sai filogi ya ba shi tartsatsi. Batir ɗin mota bolt 12 ne kawai, shi kuwa tartsatsi yana bukatar dubban bolt. Kwayil ne ke ɗaga wutar, amma ba ya yi sai an katse masa wutar da ke shiga cikinsa farat ɗaya. Aikin kontak ke nan: wasu 'yan ƙarafa biyu ne da ke haɗuwa suna rabuwa, duk rabuwa ɗaya tartsatsi ɗaya. Kwandansa yana gefe yana hana bakin kontak ƙonewa. A mota, distiributa ke raba wutar zuwa filogi huɗu. A tsohuwar Vespa kuwa, wutar daga maganeto take fitowa, kuma kontak ɗin yana ɓoye a bayansa.

Yanzu ka yi lissafi. Injin 504 mai silinda huɗu yana bukatar tartsatsi biyu a kowane juyi. In yana juyi 3,000 a minti, kontak zai buɗe sau 6,000 ke nan, wato sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Ƙarfen da ke wannan aiki dole ya ci. Tazarar bakin kontak kimanin milimita 0.4 ce. Da ta ɗan canza, tayimin ya goce. Daga nan sai mota ta fara wahalar tashi da safe, tana shan mai, tana tari a hanya.

ME YA SA NAKE GOYON BAYAN SAUYAWA?

Na farko, a tsarin zamani babu ƙarfen da ke gugar ƙarfe. Maganaɗisu ne da ɗan na'urar ji, su ke sanar da modul ko CDI lokacin sakin wuta. In an saita tayimin sau ɗaya, yana nan inda aka bar shi.

Na biyu, yanayinmu. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma ƙura da ɗan maiƙo a bakin kontak sun isa su raunana wuta. Da damina kuma danshi ya karɓa.

Na uku, kayan gyara da masu gyara. Samun kontak da kwandansa masu nagarta ya zama sa'a. Za ka sayi sabon kwandansa a kwali, ya kasa yin rabin kwanan tsohon da ka cire. Sannan yaran gareji na yanzu sun tashi ne a kan babura masu CDI da motoci masu kwamfuta. Dattawan da ke saita kontak da ido da kunne suna ƙarewa, kuma ba kowa ya gaje su ba.

Su kansu masu ƙera abin sun bar kontak tuntuni. Jerin Vespa PX da ya fito a 1977 ya koma wutar zamani, shi ya sa za ka ga harafin E a sunaye irin P200E da PX150E. Peugeot ma ta koma distiributa mai modul a motocin da suka biyo baya.

Amma kada wani ya ruɗe ka da cewa wutar zamani za ta mayar da 504 ɗinka jirgi. Abin da za ka samu shi ne tashi cikin sauƙi, inji mai natsuwa, da hutu daga saita kontak. In fistin da zobe sun ƙare, ba modul ɗin da zai raya su.

HUJJAR MASU CEWA A BAR KONTAK

Suna da gaskiyarsu, kuma ba ƙarama ba ce. Kontak yana ba da sanarwa kafin ya mutu. In ya tsayar da kai tsakanin Zariya da Funtuwa, da sukundireba da ɗan sanfefa za ka goge shi ka lallaɓa zuwa gari. Modul kuwa in ya mutu, ya mutu, sau da yawa ba gargaɗi, kuma zafi ne babban abokin gabarsa. Wanda ya san ranar Maris da Afrilu a Zariya ya san wannan ba wasa ba ne.

Amsar wannan hujja tana wajen Italiyawan da kansu. A ƙarshen shekarun 1960, motar Dino ta Ferrari ta zo da wani akwatin wuta na Magneti Marelli mai suna Dinoplex, ɗaya daga cikin na farko a motocin sayarwa. Duk da haka masu ƙera shi sun bar hanyar gaggawa: in akwatin ya mutu, ana iya kewaye shi a koma kontak da kwayil a ci gaba da tafiya. Yau kuma masu farfaɗo da waɗannan motoci sukan zuba sabon kayan lantarki a cikin tsohon akwatin, ciki sabo, waje na asali. Darasin a fili yake: ka ɗauki sabo, ka bar wa kanka ƙofar komawa.

KAFIN KA KASHE KUƊI, KA TABBATAR CUTAR TA WUTA CE

Nan ne mutane ke asara. Mota ta ƙi tashi, sai a ce a sauya komai, alhali kafireta ce ta toshe. A fara da waɗannan:

1. A cire filogi, a mayar da shi a wayarsa, a jingina jikinsa da ƙarfen inji nesa da mai, a buga. Tartsatsi mai ƙarfi shuɗi alama ce mai kyau. Mai rauni ko mai zuwa yana ɗaukewa, akwai matsala.

2. In inji yana tashi lafiya da sanyi, amma da ya yi zafi sai ya fara tari ya mutu, a zargi kwandansa ko kwayil.

3. A mota, a duba murfin distiributa da rota ko sun tsage, a duba wayoyin filogi. A kama sandar distiributa a girgiza ta. In tana lilo, ko ƙarafan da ke ƙara tayimin sun maƙale, sai an gyara wannan tukuna.

IN ZA A SAUYA, GA SHARUƊƊA

Ka ɗauki hoton kowace waya da wayarka kafin a cire ta. Wannan minti biyun zai iya ceton ka kwana biyu.

Ka ce wa rewaya kada ya yanke wayar asali. A yi amfani da mahaɗa da za a iya zarewa.

A auna kwayil da mita. Yawancin ƙananan na'urorin da ake sawa a gurbin kontak a injin silinda huɗu suna son kwayil mai kimanin om 3, su kuwa kwayil na motocin da suka zo da modul daga kamfani sukan gaza om 1. In aka haɗa wanda bai dace ba, modul zai ƙone. Haka in aka juya waya, aka sa ta ja a inda baƙa take.

Modul na waje a ɗaure shi a jikin ƙarfe mai shan iska, nesa da salansa. Kada a bar makulli a kunne inji yana kashe, kuma kada a buga inji wayar filogi tana rataye a iska.

A Vespa, sauyi yakan haɗa da maganeto da farantin kwayil da CDI gaba ɗaya, kuma sau da yawa wutar tana tashi daga bolt 6 zuwa 12, don haka sai an sauya ƙwayayen fitila. A sayi wanda ya dace da samfurin babur ɗin, domin bakin sandar inji ba ɗaya ba ne a dukkansu.

A ƙarshe, a saita tayimin da fitilar tayimin bisa adadin da aka rubuta wa wannan samfurin, ba da kunne kawai ba. Injin Vespa mai bugu biyu ne, in wuta ta yi gaba da yawa zai yi zafi har ya huda fistin.

TSOHON KAYAN NAKA NE

Wannan shi ne abin da na fi so ku riƙe. Bayan an gama aiki, distiributa ko maganeto na asali sukan zauna a ƙasan benci, daga nan su tafi wajen 'yan gwangwan a kan kilo. Ranar da ka neme su, sai ka zaga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, kuma ba lallai ka samu irinsu ba. Ka karɓi kayanka, ka goge, ka sa a leda. Mai mota ya ajiye kontak da kwandansa da 'yan kusoshinsu a cikin mota, mai Vespa ya ajiye spare CDI a akwatin gaba. In kuma wata rana za ka sayar, mai neman tsohuwar Vespa ta asali zai fi daraja wadda kayanta suke cikakku.

Wanda Vespa ɗinsa ta gado ce, ba ya fito da ita sai Juma'a ko ranar sallah, kuma yana da bakaniken da ya iya kontak, ya bar ta yadda take, ba laifi. Amma wanda da ita yake zuwa kasuwa ko kai yara makaranta, bugun kik ashirin kowace safiya ba riƙon amana ba ne, wahala ce kawai. Ya sauya, ya adana na da.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a abin hawanmu. Sai mun haɗu a darasi na gaba.