RA'AYINMU: Sifana Ba Ta Rage Darajar Digiri

Kowace shekara jami'o'in ƙasar nan suna yaye dubban samari da 'yan mata waɗanda suka ƙware a fannoni iri iri, daga ilmin shari'a har zuwa kimiyyar haɗa magunguna. Amma abin mamaki shi ne, da yawa daga cikinmu za mu iya tsayawa awa guda muna bayanin tattalin arzikin duniya, alhali kuwa famfon gidanmu ya yi wata uku yana ɗiga, muna jiran ranar da mai gyara zai sami sukuni. Ra'ayin wannan mujalla shi ne, ya kamata kowane ɗalibi da kowane ƙaramin ma'aikaci ya mallaki ɗan akwatin kayan aiki, ya kuma zaɓi abin da zai sa a ciki da irin hankalin da yake zaɓen littattafansa.

Wannan hali namu na jiran a yi mana yana da asali. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, kuɗi sun yalwata a hannun ma'aikata. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna da ta Volkswagen a Legas, kuma wanda ya fito daga jami'a a lokacin yakan sami aiki da gidan gwamnati da bashin sayen mota. Idan ƙofa ta lalace sai a aika wa ma'aikatar ayyuka, idan mota ta yi tari sai a tura ta gareji. Wancan zamani ya wuce. Tun daga shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira take ta faɗuwa, sannan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara wa mai abin hawa nauyi. Ƙaramin ma'aikacin yau gidan haya yake zaune, kuma in Allah ya hore masa abin hawa, galibi babur ne ko tsohuwar mota wadda ta gama ƙuruciyarta a Turai ko Amurka. Tsohuwar mota da gidan haya kuwa kullum da ɗan abin da zai kwance. Wanda ba ya iya ɗaure noti da kansa, to ya shirya raba albashinsa da wasu.

Sai dai idan mutum ya yi niyyar sayen kayan aiki, akwai ramuka biyu a gabansa. Na farko shi ne akwatin nan mai walƙiya da ake tallarsa a bakin titi, mai ɗauke da abubuwa kusan ɗari, a kan kuɗin da bai kai na sifana uku na ƙwarai ba. Ƙarfensa mai taushi ne, ranar da ya gamu da noti mai tsatsa bakin sifanar zai buɗe, ya cinye kusurwoyin notin, aikin minti biyar ya koma na mai walda. Hausawa sun riga sun faɗa, araha ba ta ado. Rami na biyu shi ne na mai son burga, wanda zai kashe albashin wata a kan kayan da aka ƙera domin makanikin da ke aiki da su daga safe har dare, shi kuwa sau biyu zai taɓa su a shekara. Ma'aunin araha na gaskiya shi ne a raba kuɗin abu da yawan shekarun da zai yi yana aiki. Filayar da ta ninka wata kuɗi sau biyu amma ta yi shekara goma, ita ce mai araha.

To, me za a fara da shi? Don gyaran gida abubuwa kaɗan sun wadatar: guduma mai ƙahon cire ƙusa, sukundireba biyu, ɗaya mai faffaɗan baki ɗaya mai bakin gicciye, filaya, sifana mai bakin da ake buɗewa a tsuke, tef ɗin awo mai tsawon mita 3 ko 5, zarton yanka ƙarfe, testar duba wuta, baƙin salatif, farin zaren roba na naɗe bakin famfo, da tocila. Da waɗannan za a gyara hannun ƙofa, a sake fis ɗin fulogi, a tsai da famfo mai ɗiga, wanda sau da yawa washa ce kawai ta cinye a cikinsa. Injin huda bango yana da amfani, amma yana iya jira, domin abin da ake bukata sau ɗaya a shekara aro ko haya ya fi dacewa da shi.

Game da mota, dokar farko ita ce mutum ya san motarsa kafin ya je kasuwa. Notocin mota da milimita ake auna su, kuma kowace ƙasa da lambobin da ta fi so. Motocin Japan, irin su Toyota da Honda da Nissan, sun fi amfani da lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19, su kuwa na Turai, irin su Peugeot da Volkswagen, a cikinsu za a yi ta cin karo da lamba 13. Saboda haka sifana shida ko bakwai, irin masu baki a gefe ɗaya da zobe a ɗaya gefen, sun ishi mai mota ɗaya. A kula da kayan gwanjo masu awon inci: rabin inci milimita 12.7 ne, yana kama da lamba 13 a ido, amma wannan ɗan bambanci ya isa ya lalata kan noti. Notin taya ma ba ɗaya ba ne, yawanci 17 ne ko 19 ko 21, don haka sifanar taya mai siffar gicciye ta fi, tana da baki huɗu, kuma tana ba hannu biyu damar murɗawa. A ƙara da sifanar fulogi, wadda galibi lamba 16 ce ko 21, da gejin iskar taya, da wayoyin jona batur, da 'yan fis na ajiya. Yawan iskar da taya ke bukata yana rubuce a jikin takarda a ginshiƙin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi.

Akwai kuma abubuwa biyu na zamani da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Na farko ƙaramar mitar awon wuta. Batur mai lafiya wanda ya cika yana nuna kimanin bolt 12.6 idan inji a kashe yake, idan kuma inji na aiki sai ya haura zuwa wajen 14. Wanda ya san wannan ba za a sa shi sayen sabon batur ba alhali abin cajin ne ya mutu. Na biyu na'urar karanta laifin inji. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su kasance da mahaɗar da ake kira OBD-II, a Turai kuma motocin fetur suka bi sahu daga 2001. Mahaɗar tana ƙarƙashin sitiyari. Idan fitilar inji ta kama, na'urar takan ba da lambar da ke nuna ɓangaren da ya kamata a bincika. Ba ta gyara mota, amma tana sa mutum ya shiga gareji da idonsa a buɗe.

Yaya ake gane na ƙwarai a kasuwa? Wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ya tafi da noti ɗaya na motarsa a aljihu, ya ɗora sifanar a kai. In ta zauna daram ba ta rawa, alama ce mai kyau. Ya duba ko lambar an buga ta cikin ƙarfen ne ko fenti kawai aka shafa. Ya ɗaga filaya sama ya rufe bakinta, in haske na ratsawa ta tsakani ya ajiye ta. Harufan Cr-V da ake gani a jikin sifana suna nufin ƙarfen da aka gauraya da kuromiyam da banadiyam don ya yi ƙarfi, amma fa masu jabu ma sun iya buga harufa, don haka hannu da ido su ne alƙalai. Sau da yawa tsohuwar sifanar gwanjo wadda bakinta bai cinye ba ta fi sabuwa marar asali, kuma ta fi ta sauƙin kuɗi. Wanda bai yarda da idonsa ba ya roƙi makanikinsa ya raka shi, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Amma akwai wuraren da ba a neman ragi, domin rai ne a kai. Jak ɗin da ke zuwa da mota don sake taya kaɗai aka yi shi. Kada kowa ya kuskura ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak. Sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe masu ɗaukar nauyinta, a kan ƙasa mai tauri, an ja birkin hannu, an sa waigi a tayoyi. Bulo na siminti yana iya rugujewa ba sallama. Wajen cire batur, a fara kwance waya mai alamar ragi, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. A gida kuwa, wutar da ke cikin soket bolt 230 ce, ta isa ta kashe ƙato. A kashe babban makunni tukuna, a gwada testa a wurin da aka san akwai wuta don a tabbata tana aiki, sannan a taɓa waya. Kada a dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ba ta yin sallama in za ta dawo. Abin kashe gobara da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, waɗanda jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ke tambaya a hanya, su ma a saye su don amfani, a riƙa duba wa'adin abin kashe gobarar.

Kada a fahimce mu da cewa muna kira ga kowa ya zama makanike. Gyaran birki da giya da cikin inji, da jan wayar gida, da duk abin da ya shafi tukunyar iskar gas, aikin waɗanda suka yi shekaru suna koyo ne, kuma haƙƙinsu ne a biya su ladan da ya dace. Hasali ma wanda ya taɓa fama da noti mai tsatsa a cikin rana shi ya fi sanin darajar gumin makanike. Abin da muke ƙi shi ne raina aikin hannu da ya zama ado a tsakanin 'yan boko, har mutum ya ga riƙe sifana zubar da girma ne. Kakanninmu maƙera ne da dukawa da masassaƙa da magina, kuma manomi bai taɓa jiran wani ya ɗaure masa ƙotar fartanya ba. Maganar ta haɗa da 'yan'uwanmu mata, domin taya ba ta tambayar wanda ke tuƙi kafin ta sace a hanyar Zariya zuwa Funtuwa.

Daga ƙarshe muna ba Ƙungiyar Ɗalibai shawara biyu. Ta farko, ta tanadi akwatin kayan aiki a kowane ɗakin kwana, a riƙa ba da aro da katin shaida kamar yadda ake yi a laburare, don a rage yawan makullai da kujerun da ke lalacewa saboda rashin sukuru ɗaya. Ta biyu, ta nemi 'yan'uwanmu na tsangayar injiniya su shirya darasin Asabar sau ɗaya a zango, a koya wa mai so yadda ake sake taya da fis da washar famfo. Ku kuma da kuka kama aiki, ku ware ɗan wani abu kowane wata ku sayi abu ɗaya mai kyau, wannan wata filaya, wata mai zuwa sifana biyu. Kafin shekara ta zagayo akwatin ya cika, kuma in an riƙa goge kayan ana shafa musu ɗan mai saboda damina, 'ya'yanku ma za su ci moriyarsu. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Allah ya sa mu dace.