Takardar Kasuwanci A Aljihu, Kasuwar Kuma A Hannun Wasu

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, takaici ne ya cika ni, in ban amayar ba sai ya shaƙe ni.

Kowace shekara makarantun Dutse da Kano da Zariya suna yaye 'ya'yan ƙasar Haɗejiya da suka karanta harkar kasuwanci da akanta. Su gama bautar ƙasa, su dawo gida, su shiga yawon kai takarda bankuna da ma'aikatu har takalmi ya siɗe. To wane aikin? Tattalin arzikin Najeriya ya durƙushe a 2016, ya sake durƙushewa a 2020, a 2023 aka cire tallafin mai, Naira ta faɗi warwas, masu aikin ma ana sallamarsu. Amma sai ka ji mai babbar riga yana cewa wai yaran nan cima-zaune ne!

Ni ban yarda ba. Laifin na masu tsara musu karatu ne da masu mulkinmu. An shekara huɗu ana ɗura wa yaro labarin kamfanonin Amurka da Ingila, an saka masa burin ofis mai sanyi wanda babu shi, alhali ga kasuwanci nan a ƙofar gidansu ba a taɓa kai shi ya gani ba. Shinkafar da ake nomawa a fadamun Auyo fa? Kifin da ake lodi daga kasuwar Haɗejiya zuwa kudu fa? Riɗin da ake fita da shi ƙasashen waje fa? Wa ke cin ribarsu? Manomi da kaka yake karyar da amfaninsa saboda bashin taki, mai kuɗi ya saye ya kimshe a sito, in kaya sun yi tsada ya fito da su. Ambaliya ta cinye gonaki a 2020 da 2022, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, manoma nawa ne ke da inshora? Ƙungiyoyin manoma nawa ke da mai riƙe musu littafin kuɗi? Ga aiki na neman mai yi, ga mai yi yana zaman majalisa a gindin maina. An bar jaki ana dukan taiki.

Na san za a ce su kama sana'a mana. Da wane jari? A ƙarshen 2024 kuɗin ruwan Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, balle na bankunan kasuwa, kuma sai ka kawo takardar gida jingina. Ɗan talakan da mahaifinsa ya sayar da tunkiya ya biya masa kuɗin makaranta, ina ya ga takardar gida?

Don haka malamai, ku tura ɗalibanku koyon aiki wajen 'yan kifi da masu casar shinkafa, ba ofishin da za a riƙa aikensu sayo abinci ba. Gwamnatin Jigawa kuma ta haɗa su da ƙungiyoyin manoma, ta tsaya musu su sami rance mai sauƙi. In ba a yi ba, a daina zaginsu.

Allah Ya ba yaranmu mafita, amin. Wassalam.