Man da ake zubawa a abincin kaji: Riba ce ko kitsen banza?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta ko Bichi a 'yan shekarun nan zai lura da ƙananan ɗakunan kiwon kaji a bayan gidaje. A wannan yanki jama'a na da yawa, gonaki ƙanana ne, ƙasa kuma ba ta samun hutu. Saboda haka kiwon kajin gidan gona ya zama hanyar juya kuɗi cikin mako shida zuwa takwas, ga kashin kaji da ke komawa gona a matsayin taki. Ma'aikata da 'yan kasuwar birni da dama su ma sun zuba jarinsu a ciki.

Sai dai abinci shi ne ke lashe kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, buhun abincin kamfani ya gagari masu ƙaramin ƙarfi. Wasu sun rufe gonakinsu, wasu kuma sun koma sayen masara da waken suya a kasuwar Dawanau suna haɗa abincin da kansu. A nan ne batun mai ya taso.

Mai yana ba jiki ƙarfi fiye da ninki biyu na abin da sitacin masara mai nauyi ɗaya da shi ke bayarwa. Yana kuma rage ƙurar garin abinci, ya taimaka wa kaza ta amfana da sinadaran bitamin A, D, E da K. A zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da kaji ke rage ci, ɗan mai yana cike giɓin, domin narkar da shi ba ya ƙara wa jiki zafi kamar sauran abinci. Masana kiwo sukan tsaya a ƙaramin kaso, wajen kashi 2 zuwa 6 cikin 100 na abincin.

Amma ba kowane mai ne ɗaya ba. Ɗan tsako a makonninsa na farko bai iya narkar da mai daskararre irin kitsen shanu sosai, ya fi amfana da mai ruwa-ruwa kamar na waken suya da na gyaɗa. Irin man da kaza ta ci kuma yana bayyana a namanta. Kitsen dabba yakan sa ta tara kitse a ciki. Man waken suya yana rage wannan, sai dai kitsen naman yakan yi laushi, ya fi saurin canza ƙamshi idan aka ajiye, abin lura a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas. Manja kuwa yana ba fata launin ɗorawa da wasu masu saye ke so.

Babban kuskure shi ne ƙara mai ba tare da daidaita sinadaran gina jiki ba. Kaza za ta yi nauyi a sikeli, amma idan aka fige aka yanka, sai a tarar da dunƙulen kitse da uwargida za ta cire ta zubar. Mai saye ya biya kuɗin nama ya tafi da kitse, manomi kuma ya rasa kwastoma.

Akwai haɗari na biyu. Neman araha yana kai wasu ga ragowar man suya da aka yi ta maimaitawa a kasko. Irin wannan mai ya riga ya lalace, yana dakushe girman kaji, yana cinye bitamin ɗin abincin. Haka tunkuzar gyaɗa, wadda ke da sauƙin samu a ƙauyukan Kano: idan ta yi fumfuna tana iya ɗaukar gubar afulatoksin. A shekarar 1960 wannan guba ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila ta hanyar garin gyaɗa da aka shigo da shi daga Burazil. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Ilimin magance matsalar yana kusa. Akwai Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika a Zariya, da Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Bayero, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta. Abin da ya rage shi ne malaman gona su kai wannan ilimi ƙauye cikin harshen Hausa, da ma'aunin da mai kaji 200 zai gane, wato mudu da kwalba. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka ƙirƙiro a 2024 da hukumomin jiha na iya tilasta wa ƙananan masu niƙa abincin kaji su rubuta irin man da suka zuba da yawansa a jikin buhu.

Kafin a kai ga haka, mai jari ya tambayi wanda ke kula masa da kaji wane mai ake zubawa, daga ina aka sayo shi. Ya kuma sa a yanka kaza ɗaya ya duba cikinta kafin a kai sauran kasuwa.