Rabon Ƙwaƙwalwar Na'ura da Haƙƙin Wanda Ba Ya Nan

A makon nan wani abokin aiki ya nemi in ba shi rubutaccen umarnin da na taɓa amfani da shi wajen rabon ƙarfin babbar kwamfutar sashenmu. Na ba shi, amma sai da na haɗa masa da labarin kuskuren da na tafka da shi, wanda nake ganin ya dace mai karatu ma ya ji.

Babbar kwamfuta ɗaya ana iya tsattsaga ta ta zama ƙanana masu yawa, kowace tana aiki kamar mai cin gashin kanta, tamkar gida ɗaya da aka yanka ɗakunan haya. Dabarar ba sabuwa ba ce: kamfanin IBM ya fitar da VM/370 tun 1972, kuma KVM, wadda muke amfani da ita, ta shiga cikin Linux a 2007. Ga ɗalibin da ba shi da halin sayen kwamfuta mai ƙarfi, wannan rahama ce, domin daga nesa zai shiga ɗakinsa ta intanet ya yi aikinsa. Sai dai ƙwaƙwalwar aiki da injin sarrafawa ƙididdigaggu ne. Abin da aka ƙara wa wani, daga wurin wani aka ɗebo shi.

Da yin rabon da hannu ya gajiyar da ni, sai na rubuta 'yan layuka na umarni masu tashi da kansu kowane dare. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk ɗakin da mai shi ya yi mako guda bai leƙa ba, a kira virsh setmem a rage masa ƙwaƙwalwa, a mayar wa masu aiki. Na ɗauka na yi adalci.

A watan Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Sabon Birni da Isa. Ina da ɗalibi ɗan wannan yanki na Gobir da ya tafi gida, ya bar wani dogon lissafi na aikinsa na ƙarshe yana gudana. Ba waya, ba intanet, hanya kuma ba ta biyuwa sai da shahada. Da mako ya cika, umarnina ya yi abin da na ce ya yi. Tsarin Linux kuwa, idan ƙwaƙwalwa ta ƙare, yakan kashe aikin da ya fi cin ta. Lissafin yaron ne ya mutu. Ranar da ya iso ya tarar da kango, bai ce mini komai ba sai "Malam, Allah Ya sa haka ya fi alheri." Wannan magana ta fi zagi yi mini ciwo.

Kwamfuta ba ta yi laifi ba. Ni ne na auna halarta a maimakon aiki. Na ƙaddara cewa duk wanda bai shigo ba, ganin dama ne ya hana shi, domin a ofishina na birni na zauna na yi tunanin, inda katsewar intanet ba ta wuce ta yini. Ashe rubutaccen umarni doka ce, kuma doka ce marar kunne, wadda ba ta sauraron uzuri.

Malaman fiƙihunmu sun riga mu gano bakin zaren. A babin rabon gado, idan magaji ya ɓace ba a san halinsa ba, ajiye rabonsa ake yi har al'amarinsa ya bayyana. Rashin ganin mutum ba ya zubar da haƙƙinsa.

A kan wannan na sake rubutun. Yanzu umarnin yana duba ko injin sarrafawa na aiki kafin ya taɓa ɗaki. Akwai ƙaramin kaso da ba ya sauka ƙasa da shi ko da wane dalili. Yana fara fitar da jerin abin da yake shirin yi, sai mutum ya duba ya amince. Yana kuma rubuta yadda kowane ɗaki yake kafin canji, domin a iya mayar da shi.

Kira nake ga masu kula da na'urori a jami'o'inmu da ma'aikatunmu, musamman yanzu da rajista da jarrabawa suka koma kan kwamfuta, tun da JAMB ta koma gaba ɗaya a 2015. Duk wa'adin da za ku damƙa wa na'ura ta zartar da kanta, ku tambayi kanku yadda zai faɗa wa yaron Gatawa ko na Isa, wanda sai ya nemi tudu kafin saƙo ya shigo wayarsa. Idan ba ku san amsar ba, kada ku sake shi ya yi aiki da dare kuna barci.