Ba Ƙarar Sipika Ce Daɗin Sauti Ba

 Rubutun nan yana da ɗan tsawo, amma ku daure ku kai ƙarshe, musamman ku da kuka kama ɗaki a wajen makaranta.

Zangon da ya wuce, ni da abokan ɗakina biyu a nan Ibadan muka yi karo-karo muka sayi kayan sauti na gwanjo, irin mai ƙananan sipiku biyar da wufa ɗaya. Hujjarmu ita ce mun gaji da biyan kuɗi a gidan kallon ƙwallo. Muka jera sipikun duka a kan tebur ɗaya, muka tura wufar can lungu jikin bango, muka murɗa bas har ƙarshe. Daren wasan gasar zakarun Turai ɗakin ya cika, aka gama ƙwallo aka ɗora fim har bayan sha biyu. Mu dai a ganinmu mun haɗu.

Ashe bangon da muka jingina wufar, bayansa gadon wata mai jego ne. Da safe Mama mai gidan ta kira mu. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi idan aka sake mu tattara kayanmu, kuma daga kanmu ta daina ba ɗan Arewa ɗaki. Wallahi maganar ƙarshen nan ta fi yi min ciwo. Duk wanda ya taɓa yawon neman ɗaki a nan ya san yadda ake shan wuya kafin a yarda da kai. Ga shi saboda dum-dum na dare ɗaya muna neman rufe wa ƙannenmu ƙofa.

Wani yayanmu da ke ajin ƙarshe a injiniyan lantarki ya zo ya duba. Yana shiga ya yi dariya ya ce, "Ƙannena, ai ku ba sauti kuke ji ba, hayaniya kuke ji." Cikin awa ɗaya, ba tare da mun sayi komai ba, ya mayar da kayan nan kamar sababbi. Shi ya sa nake da ra'ayin cewa yawancinmu ba ƙaton sipika muke buƙata ba, sanin inda za a ajiye ƙaramin muke buƙata. Ga abin da na koya.

Na farko, lambar da ke jikin kwali. In ka ga an rubuta dubban wat da PMPO a gefe, talla ce kawai. Lambar RMS ita ce ƙarfin gaskiya, kuma za ka tarar ba ta kai ko kusa ba. Sannan ko ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara. Kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka, sai ka ƙara ƙarfi kusan sau goma. To kuɗin abincin wata guda za ka zuba a kan wannan?

Na biyu, jeri. Sipikun gaba biyu, na hagu da na dama, a raba su gefe da gefen talabijin, nisan da ke tsakaninsu ya yi daidai da nisansu da inda kake zama, a ɗan karkato su suna kallonka, tsayinsu daidai kunne. Na tsakiya ya zauna ƙarƙashin talabijin ko samansa, domin ta nan yawancin maganar 'yan fim ke fitowa. Biyun da suka rage na baya ne, a gefenka, a ɗan ja su baya kaɗan. Mu da muka tara su wuri ɗaya, mun biya kuɗin biyar muna jin ɗaya. Kuma ku duba waya: ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi. In ka juya ta a sipika ɗaya, sautin zai yi fayau, sai ka yi ta ƙara murya kana zagin kayan.

Na uku, wufa, wadda ta kusa sa a kore mu. Lungu yana ƙara mata ƙugi, kuma bas shi ne sautin da ya fi ratsa bango. Kai kana jin fim, maƙwabcinka bugu kawai yake ji a ƙirjinsa. Dabarar da yayan namu ya nuna mana ta ba mu dariya: ya ɗora wufar a wurin zamanmu, ya kunna kiɗa, ya sa ni rarrafe ina zagaya ɗakin ina saurare. Inda na ji bas ɗin ya fito tas ba gurnani, nan muka ajiye ta, nesa da bangon mai jego, muka sa soso a ƙarƙashinta don kada ta riƙa girgiza daɓe. In naka yana da wurin saita iyakar wufa, fara da 80. Ka rage ta har sai ka daina gane daga ina bas ke fitowa.

Na huɗu, ɗakin kansa. Tayil da bango tsirara suna sa amsa-kuwwa, magana ta cakuɗe. Muka shimfiɗa kafet, muka rataya labule mai kauri. In ba ka jin abin da ake faɗa a fim, ƙara na tsakiya kaɗai, kada ka ƙara duka. Yanzu murya ba ta kai rabin inda muke kai ta da ba, kuma ko raɗa aka yi muna ji.

Sai wuta. Kun dai san halin NEPA. In an ɗauke, zare soket. In an kawo, ɗan jira ta daidaita. Sitabilaiza ta fi gyara arha.

Na san wani zai ce, "Kuɗina ne, ɗakina ne, su ma ai suna kunna nasu, ga jenareto ga biki duk Asabar." Gaskiya ne. Amma in ɗan gari ya yi, sunansa za a kira. In kai ka yi, cewa za a yi 'yan Arewan nan ne. Ba adalci ba ne, amma haka abin yake, kuma ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Ko ba don wannan ba, haƙƙin maƙwabci ba sabon karatu ba ne a wurinmu, tun muna allo muke jin sa.

Akwai kuma kunnenka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na awa 40 a mako shi ne iyakar da babba zai saurara lafiya, in ya kai 90 kuwa awa 4 ne kawai a mako. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ka wuce gona da iri. In ka kwanta kunne yana maka ƙara, gargaɗi ne. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, ga lakca tana jiran ka da safe.

Mun je mun ba mai jego haƙuri, mun kafa doka: goma na dare ta yi, wufa ta mutu. Makon jiya mijinta ya ƙwanƙwasa ƙofa, gabanmu ya faɗi. Ashe wurin zama yake nema, ƙungiyarsa ce ke wasa.

Kafin ka sayi babba, gyara zaman wanda kake da shi. Allah Ya ba mu zaman lafiya da mutane, Ya sa mu gama karatu mu koma gida da kunnuwanmu da mutuncinmu.