Kafin Ka Sayi Tsohuwar Land Rover

A makon jiya na sami takarda daga wani mai karatu a Sabo ta Ibadan, wanda ya ajiye aiki, yana so ya zuba kuɗin sallamarsa a kan wata tsohuwar Land Rover ƙirar 1978, don ta riƙa kai yara makaranta, ta kuma kai shi gona. Ya nemi shawarata, da yake ya ji irinta nake hawa. To, Malam, ga amsarka.

Ita dai wannan mota an fara ƙera ta ne a Solihull ta ƙasar Ingila a shekarar 1948, don amfanin manoma. A lokacin ƙarfe ya yi wuya saboda yaƙin duniya na biyu, sai aka yi jikinta da alminiyam, wanda ba ya tsatsa. Nan ne mai saye yake yi wa rogo kallon kitse. Jiki yana sheƙi, amma ƙarfen da ke ɗauke da motar ta ƙasa, wanda makanikai ke kira shasi, tsatsa na cinsa, balle a Kudu inda damina take da tsawo. Kada ka biya ko kwabo sai ka shiga ƙarƙashinta da guduma ka ƙwanƙwasa. In ka ji ƙarfe ya amsa da ƙara, madalla. In ya ruɓa har yana zuba, yi sallama da mai ita.

Irin wadda kake nema, wato Series III, an yi ta daga 1971 zuwa 1985. Ba ta da kwamfuta, kowane bakanike na bakin hanya yana iya kwance ta ya ɗaura. Idan ka shiga taɓo, ka danna sanda mai rawayan kai, ƙafafu huɗu su ja. In abin ya ci tura, ka ja mai jan kai, ta fita a hankali kamar ingarma. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

Amma fa gari ba gona ba ne. Sitiyarinta sai da ƙarfin damtse, birkinta yana so ka fara taka shi tun da nisa, sifirin kuwa duk ramin da ta faɗa sai ƙugunka ya shaida. Sai babbar magana, wato mai. Tawa da ƙyar take cin kilomita bakwai da lita guda, cikin cunkoso kuwa ba ta kai haka. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a kan ɗan fansho.

Shawarata ita ce: in hanyar gonarka ta burji ce mai laka, kuma kana da haƙurin duba baƙin mai da na giya kowane mako, saya, amma ka ware sulusin kuɗin don gyara. In kuwa kwalta ce tun daga ƙofar gida, nemi ƙaramar mota, sauran ka sayi taki. Kuɗin sallama sau ɗaya ake karɓarsa.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.