Giyar gida da zafin bazara: abin da mahukunta suka kau da kai a kansa

Jama'a, mun san addinin mafi yawanmu ya haramta giya, kuma ba mu zo yi mata kirari ba. Sai dai rufe ido bai taɓa kashe wutar murhu ba: ana dafa burkutu a wasu unguwannin biranenmu da garuruwan iyaka, ana kuma sha.

Burkutu abu ne mai rai. Daga tsiron dawa ake dafa shi, a bar shi ya tashi, a sha da ƙwarya yana kumfa. Ba a tace shi sosai, ba a kashe yistin da ke ciki, saboda haka aikinsa bai tsaya don mai dafawa ta sauke tukunya ba. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu wasu ƙwayoyin halitta su mayar da shi ruwan tsami. A Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a Tawa da Damagaram, abin ya fi sauri. Tsofaffin masu sana'ar sun san haka, shi ya sa suke dafa abin da zai ƙare ran kasuwa. Ɓarna na zuwa ne idan kwaɗayin riba ya sa aka ɗura saura a jarka, aka toshe, aka ajiye ƙarƙashin rufin kwano. Iska ta taru, jarka ta kumbura, kwalba kuwa ta fashe. Wanda ya yi tsami a gauraya shi da sabo don kada a yi hasara.

Turawa ma sun sha wannan wahala. A 1553 hukumar Bavariya, a Jamus ta yau, ta hana dafa giya daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Satumba; ta watan Maris a kogo ake ɓoye ta da ƙanƙara. Sai a shekarun 1870 Carl von Linde ya ƙera wa masana'antun giya injin sanyi, Louis Pasteur kuma ya wallafa bincikensa kan lalacewar giya a 1876. Mai dafawa a ƙauye ba ta da kogo, ba ta da firiji, wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta.

Tsami kaɗai ba ya kisa, amma rashin kula da kayan haɗi yana yi. A Janairun 2015, a garin Chitima na Mozambik, mutum 75 suka mutu bayan shan giyar gida wurin jana'iza. Bincike ya gano guba daga ƙwayar cuta da ta yaɗu a ruɓaɓɓen garin masara.

Samame da tara ba su hana sana'ar ba, sun dai tura ta ɗakunan da babu mai leƙawa, inda ajiya ta fi daɗewa. Muna kira ga magadan gari su aika ma'aikatan tsabta su duba hatsi, ruwa da tukwane, su hana sayar da abin da ya wuce kwana biyu, su kuma hana ɗura shi a jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari.